Binciken Masu Amfani da Manhaja: Me Ake Nema, Ta Yaya Ake Nemansa?

Wane irin bincike ne wannan?

Nazari ne na yadda mutane ke mu'amala da manhaja, shafin intanet ko na'ura: me suka zo yi, ina suke maƙalewa, me ke sa su haƙura su fita. Masu sana'ar na kiransa binciken UX (user experience, wato abin da mai amfani ke fuskanta). Don Norman ne ya yaɗa sunan lokacin da yake aiki a kamfanin Apple a farkon shekarun 1990, kuma a 1998 shi da Jakob Nielsen suka kafa kamfanin ba da shawara kan wannan fanni mai suna Nielsen Norman Group. Tushen aikin shi ne cewa wanda ya ƙera abu ya san inda ya ajiye kowane maɓalli, don haka idonsa ba ya ganin wahalar da baƙo zai sha.

Me zai hana a tambayi mutane kawai abin da suke so?

Ana tambayarsu, kuma hira tana da amfani wajen gano bukatu da halin da mutum ke ciki. Sai dai abin da baki ya faɗa daban, abin da yatsa ya yi daban. Mutum zai sha wuya minti biyar yana neman inda zai canza kalmar sirri, a ƙarshe ka tambaye shi ya ce ai babu laifi, don ba ya son ya ɓata maka rai ko a ce bai iya ba. Haka kuma mutane ba su iya hasashen abin da za su yi gobe. "Za ka yi amfani da wannan?" tambaya ce da kusan kowa ke amsa ta da e. Gara a ce, "Ba ni labarin ranar ƙarshe da ka yi wannan aikin." A ganina, wanda zai zaɓi hanya ɗaya tak, to ya zaɓi kallo.

Yaya gwajin kallon yake gudana?

Ana zaunar da mutum ɗaya, a ba shi aiki na zahiri, misali ya nemi tikitin jirgi na ranar Juma'a ya biya. Ana roƙonsa ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake dannawa, salon da Clayton Lewis na kamfanin IBM ya bayyana a 1982. Tun farko a gaya masa manhajar ake gwadawa, ba shi ba.

Abin da ya fi wahala shi ne shirun mai bincike. Kana gani yatsan mutum ya wuce maɓallin da yake nema har sau uku, ya koma baya, ya ɗago ya ce, "Nan zan danna?" Zuciyarka na cewa ka nuna masa. Da ka nuna, ka rasa abin da ka zo nema. Amsar da ta dace ita ce, "Me kake tsammanin zai faru in ka danna?" A bakinsa za ka ji cewa kalmar da aka rubuta a maɓallin ce ba ta faɗa masa komai ba.

Da gaske mutum biyar sun isa?

Ana yawan cewa mutum biyar sun isa gwajin kallo. Maganar ta fito daga lissafin Nielsen da Tom Landauer na 1993, wanda ya nuna mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Bayan na biyar, yawanci abin da ka riga ka gani kake sake gani. Shawarar ita ce a gwada da biyar, a gyara, a sake gwadawa da wasu biyar. Amma ana yawan ɗora wa adadin nauyin da ba nasa ba. Yana aiki ne idan masu amfanin iri ɗaya ne kuma matsala ake nema. In akwai masu saye da masu sayarwa, kowane ɓangare na bukatar nasa mutanen. In kuwa alƙaluma ake so, sai an tara gommai.

To ina matsayin alƙaluma?

Suna faɗin girman matsala. Akwai SUS, ma'aunin sauƙin amfani da John Brooke ya ƙirƙira a 1986: jimloli goma da mai amfani ke nuna yadda ya yarda da kowacce, makin daga 0 zuwa 100, matsakaicinsa kusan 68. Akwai kuma gwajin A/B, inda ake nuna wa rabin mutane fasali ɗaya, rabi kuma wani, a ga wanda ya fi kai su ga kammala aiki. Zai gaya maka wanne ya yi nasara, ba zai gaya maka dalili ba. Dalilin sai ka koma ka zauna da mutum.

Su wa ya kamata a gayyata?

Waɗanda za su yi amfani da abin, ba abokan aiki ba. A nan ne na fi ganin sakaci. Mai raunin gani da ke dogara da manhajar karanta allo, dattijon da ƙananan rubutu ke wahalarwa, mai tsohuwar waya da intanet mai tafiyar hawainiya, in ba su cikin gwajin, matsalarsu ba za ta shiga rahoto ba. Kafin a fara kuma a nemi izininsu kan ɗaukar murya ko hoto, a faɗa musu wanda zai gani, kuma su san suna da damar tsayawa duk lokacin da suka so.