Taurara fatar ƙarfe da boron

Taurara fatar ƙarfe da boron hanya ce ta gasa ƙarfen sitil tare da sinadarin boron, har boron ɗin ya ratsa samansa ya haɗu da shi, ya zama wata siririyar fata mai tsananin tauri, cikin ƙarfen kuwa ya zauna yadda yake. Ana danganta tunanin farko ga masanin Faransa Henri Moissan, wajajen 1895.

Yadda ake yi

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta garin sinadarai. Akan wanke ƙarfen tas, a binne shi a garin cikin akwati mai jure wuta, a rufe ruf. Sanannen haɗin garin shi ne kashi 5 cikin ɗari B4C (haɗin boron da kabon) mai ba da boron, kashi 5 KBF4 (wani gishiri mai boron) mai zaburar da aikin, sai kashi 90 SiC (haɗin silikon da kabon) mai rage ƙarfin haɗin. Ana gasawa a tanderu tsakanin digiri 850 da 1000 na Salshiyos, awa 2 zuwa 10. Ana kuma yi da narkakken gishiri ko iskar gas.

Fatar da matsalolinta

Kaurin fatar yakan kama daga maikiromita 20 zuwa 150 (maikiromita 1000 ne milimita ɗaya), taurinta kuma 1600 zuwa 2000 a ma'aunin tauri na Vickers, wato kusan ninki biyu na abin da taurarawa da kabon ke bayarwa. A sitil da ba a gauraya shi da wasu ƙarafa sosai ba, gindinta na kutsawa ciki kamar haƙoran zarto, shi ya sa take kamawa gam. Yawan ƙarfen kuromiyam a cikin sitil ɗin yana shafe haƙoran, fatar ta sirance.

Fata iri biyu ke iya fitowa, duka haɗin ƙarfe da boron: Fe2B a ciki, FeB mai ƙarin boron a waje. Fe2B kaɗai ake so. FeB ta fi tauri, amma gautsi gare ta, kuma buɗewarta a zafi ta kusa ninka ta Fe2B sau uku. Da ƙarfe ya huce sai su ja juna, tsagewa ta bi tsakaninsu, saman ya ɓare. Maganinta rage boron a garin, ko sake gasawa ba tare da gari ba har FeB ta rikiɗe ta koma Fe2B.

Sinadarin silikon da ke cikin sitil ɗin ba ya narkewa a fatar, turo shi take yi ciki. Idan ya wuce kusan kashi 0.8 cikin ɗari na ƙarfen, yakan bar wuri mai taushi ƙarƙashinta, sai ta rufta in an ɗora nauyi. Ƙarfen kuma yakan ɗan ƙara girma, don haka a bar masa wuri tun wajen yanka, domin bayan gashi gugar daimon kawai ke cin sa.

Amfani

Ana amfani da hanyar wajen taurara bututun rijiyar mai, bawul, sassan famfo da kayan matse ƙarfe.