Ma'aunin CAPE wajen kimanta hannun jarin kamfanonin abincin fakiti

Ma'aunin CAPE, wanda ake kuma kira ma'aunin Shiller, hanya ce ta gane ko hannun jari ya yi tsada ko ya yi araha. Ana raba farashinsa na yau da matsakaicin ribar da ya samar cikin shekara goma, bayan an daidaita ribar kowace shekara da darajar kuɗi ta yanzu. An fi saninsa wajen auna kasuwar hannayen jari ta Amurka baki ɗaya, amma masu nazarin jari suna ɗora shi a kan kamfani guda ma. Kamfanonin da ke sarrafa abinci su zuba shi a gwangwani, kwali ko leda, irin su General Mills, Campbell, Hershey da Nestlé, suna cikin waɗanda ma'aunin ya fi dacewa da su, domin sun daɗe a kasuwa kuma cinikinsu ba ya hawa da sauka irin na kamfanonin ƙarfe ko na jiragen sama.

Asali

Tushen dabarar yana cikin littafin Security Analysis na Benjamin Graham da David Dodd, malamai a Jami'ar Columbia ta birnin New York, wanda ya fito a 1934. Sun rubuta shi ne bayan faɗuwar kasuwar hannayen jari ta 1929 da durƙushewar tattalin arzikin da ta biyo baya. A lokacin an ga kamfanonin da suka ci ƙazamar riba a 1929 sun wayi gari cikin asara a 1932, kuma duk wanda ya yanke hukunci da ɗaya daga cikin shekarun nan biyu kaɗai ya yi kuskure babba. Shawarar Graham da Dodd ita ce a ɗauki matsakaicin ribar aƙalla shekara biyar, in da hali bakwai ko goma, kamar yadda ba a sanin albarkar gona da damina ɗaya. Abin lura shi ne, maganarsu a kan kamfani guda take, ba kasuwa gaba ɗaya ba. Don haka mai auna kamfanin abinci da wannan hanya a yau, asalin dabarar ya koma wa.

Gyaran hauhawar farashi daga baya ya shigo. A farkon shekarun 1930 farashin kaya sauka yake yi a Amurka, saboda haka matsalar ba ta taso da ƙarfi ba. Shekarun 1970 ne suka canza lamarin, har hauhawar farashi ta haura kashi 13 cikin ɗari a 1980. A irin wannan yanayi dalar shekara goma da suka wuce ba ita ce dalar yau ba, kuma haɗa su wuri ɗaya ba tare da gyara ba yana rage matsakaicin ribar, ya sa hannun jarin ya bayyana da tsadar da ba shi da ita.

A 1988 masana tattalin arziki biyu, John Campbell da Robert Shiller, suka wallafa wani bincike da ya yi amfani da bayanan kasuwar Amurka tun daga 1871. Bayanan farko-farkon sun samo asali ne daga tattarawar da Alfred Cowles da abokan aikinsa suka yi a ƙarshen shekarun 1930. Abin da suka gano shi ne, idan farashi ya yi nisa sama da matsakaicin ribar dogon zango, abin da masu jari ke samu a shekarun da ke tafe yakan yi ƙasa, idan kuma farashin ya faɗi ƙasa da shi, yakan yi sama. Tunda ana buƙatar shekara goma kafin a fitar da adadi na farko, jerin ma'aunin yana farawa ne daga 1881.

A farkon Disambar 1996 mutanen biyu suka gabatar da bincikensu a gaban hukumar gudanarwar Babban Bankin Amurka. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 5 ga Disamba, shugaban bankin, Alan Greenspan, ya yi jawabin da ya yi tambaya ko zumuɗin masu jari bai wuce hankali ba. Ana yawan alaƙanta jawabin da wancan zama. Kasuwar dai ba ta saurara ba, ta ci gaba da hawa sama da shekara uku. A Disambar 1999 ma'aunin ya kai kusan 44, alhali a 1929 bai wuce 33 ba. Littafin Shiller mai suna Irrational Exuberance, wato zumuɗin da ya wuce hankali, ya fito a Maris 2000, watan da hannayen jarin kamfanonin intanet suka kai ƙololuwa suka fara rikitowa, kuma daga nan ne sunansa ya manne wa ma'aunin. Mafi ƙasƙancin adadin da aka gani shi ne wajen 5 a ƙarshen 1920. Ya sauka ƙasa da 7 a 1982, ya kuma taɓa wajen 13 a Maris 2009. Matsakaicinsa na tsawon tarihi yana wajen 17. Shiller, malami a Jami'ar Yale, ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2013 tare da Eugene Fama da Lars Peter Hansen.

Yadda ake lissafin

Ana tattara ribar kowane hannun jari ta shekara goma da suka gabata daga rahoton kamfanin na shekara-shekara. Sai a ɗauki ma'aunin farashin kayan masarufi na ƙasar da kamfanin ke lissafi da kuɗinta: na Amurka ga mai lissafi da dala, na Suwizalan ga Nestlé mai lissafi da faran na ƙasar. Ribar kowace shekara ana ninka ta da ma'aunin farashi na yau, a raba da na waccan shekarar. Misali, idan ribar ta kasance dala 2 a lokacin da ma'aunin farashi yake 100, yau kuma yana 130, to ribar ta zama dala 2.60 a kuɗin yau. Idan an gama da duka goma sai a haɗa, a raba goma, sannan a raba farashin hannun jarin da abin da ya fito.

A ɗauka wani kamfanin cakulan ne, hannun jarinsa yana dala 60. Bara koko ya yi tsada, riba ta faɗi zuwa dala 2. Mai duba ribar shekara ɗaya zai ga farashi ya ninka riba sau 30, ya ce da tsada. Amma idan matsakaicin shekara goma bayan gyara ya kama dala 3.75, ma'aunin CAPE zai zama 16. Wasu sukan juya adadin, su raba ɗaya da 16, su samu kashi 6.25 cikin ɗari, wato ribar da kowace dala ta jari take wakilta, domin su kwatanta ta da kuɗin ruwan takardun bashin gwamnati.

Dole a daidaita tsofaffin alƙaluma idan kamfani ya taɓa tsaga hannun jarinsa gida biyu ko fiye. Shekarar kuɗi ma ba ɗaya ba ce: ta General Mills tana ƙarewa a Mayu, ta Campbell wajen ƙarshen Yuli.

Dalilin dacewarsa da kamfanonin abinci

Mutane ba sa daina cin abinci don tattalin arziki ya taɓarɓare, shi ya sa yawan kayan da waɗannan kamfanoni ke sayarwa ba ya canzawa ƙwarai. Abin da ke motsi shi ne tazarar da ke tsakanin kuɗin samarwa da farashin sayarwa. Alkama, sukari, madara, man girki, koko, kwali, ƙarfen gwangwani da kuɗin dako duk suna iya tashi cikin 'yan watanni, shi kuwa kamfani ba ya iya ƙara farashi nan take, sai ya zauna da manyan shagunan da ke sayen kayansa, abin da kan ɗauki watanni. A tsakanin nan riba takan matse, daga baya ta dawo.

Shekarun 2020 zuwa 2024 sun nuna haka a fili. A 2020 annobar korona ta tsare mutane a gida, cinikin miyar gwangwani, taliya da hatsin karin kumallo ya tashi fiye da yadda aka saba. Daga 2021 kuɗin kayan haɗi da na sufuri suka hau, yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya ƙara wa alkama da man girki tsada, hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Yunin 2022. A 2024 farashin koko ya haura dala 10,000 kan kowane tan, karo na farko a tarihi. Babu ɗaya daga cikin shekarun nan da za a iya ɗauka a matsayin shekara ta yau da kullum.

Gyaran hauhawar farashi yana da wani amfani na musamman a nan. A 2022 da 2023 manyan kamfanonin abinci da dama sun ba da rahoton ƙaruwar kuɗin shiga, alhali yawan kayan da suka sayar raguwa ya yi. Ƙarin farashi ne ya cike giɓin. Idan aka mayar da ribar shekarun duka kuɗi ɗaya, nan ake gane ko kamfani ya girma da gaske ko kuwa darajar kuɗi ce ta zube.

Matsalar canjin kamfani

Ma'aunin yana ɗauka cewa kamfanin da ake sayen hannun jarinsa yau shi ne wanda ya samar da ribar shekara goma da suka wuce. A masana'antar abincin fakiti wannan zato yakan karye, domin saye, haɗewa da rabuwa sun zama ruwan dare a cikinta.

Tarihin Kraft ya isa misali. Kamfanin taba na Philip Morris ya sayi General Foods a 1985, ya sayi Kraft a 1988, ya ƙara da Nabisco a 2000. An fara sayar da hannun jarin Kraft ga jama'a a 2001, ya rabu da uwar kamfanin gaba ɗaya a 2007, ya sayi Cadbury na Ingila a 2010. A Oktoban 2012 ya rabu gida biyu, Mondelez International da Kraft Foods Group, sannan a Yulin 2015 na biyun ya haɗe da Heinz a ƙarƙashin jagorancin kamfanonin zuba jari 3G Capital da Berkshire Hathaway. Ma'ana, Kraft Heinz bai cika shekara goma da kafuwa ba sai a 2025. Ko a cikin waɗannan shekaru, biyu daga ciki ba su nuna ainihin cinikinsa ba. A 2017 ya bayyana ribar kusan dala biliyan 11, mafi yawanta daga sauyin dokar harajin Amurka da ta rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21 cikin ɗari. A Fabrairun 2019 kuma ya sanar da rage darajar tamburansa, musamman Kraft da Oscar Mayer, da dala biliyan 15.4, abin da ya mayar da 2018 shekarar asarar sama da dala biliyan 10. Ya rage rabon ribar wata uku-uku daga santi 62.5 zuwa 40, hannun jarin ya faɗi da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu a rana ɗaya. Ribar 2017 da asarar 2018 duk a takarda suka faru, ba daga sayar da cuku ko miyar tumatir ba, amma dukansu suna shiga matsakaicin.

Conagra ya ware sashen dankalinsa, Lamb Weston, a 2016, ya sayi Pinnacle Foods a 2018. General Mills ya sayi kamfanin abincin dabbobin gida Blue Buffalo a 2018 kan kimanin dala biliyan 8. Kellogg ya rabu zuwa Kellanova da WK Kellogg a Oktoban 2023. Idan aka ware sashe, tsohuwar riba tana ɗauke da kasuwancin da mai jarin yau bai mallaka ba, sai hannun jarin ya yi kamar yana da araha. Idan aka sayi sabon sashe, akasin haka ke faruwa.

Masu nazari sun rabu a kan wace riba za a ɗauka. Wasu suna riƙe da wadda ƙa'idar akanta ta fitar, wasu suna amfani da wadda kamfani ya tace, ya cire abin da ya kira kashe-kashen sau ɗaya. Matsalar ta biyun ita ce, kuɗin rufe masana'anta da sallamar ma'aikata da ke dawowa kusan kowace shekara ba za a kira shi na sau ɗaya ba. Sayen hannun jari da kamfani ke yi daga kasuwa yana rage yawansu, ya ɗaga ribar kowane ɗaya, ya sa tsofaffin alƙaluma su yi ƙasa da ƙarfin kamfanin na yanzu. Ma'aunin kuma ba ya ganin bashi ko kaɗan, alhali yawancin manyan saye-sayen nan da bashi aka yi su.

Fassara adadin

Adadin ba ya magana shi kaɗai. Ana kwatanta shi da tarihin kamfanin kansa, da na takwarorinsa, da kuɗin ruwa na lokacin. Kamfani mai girma da sauri kullum zai yi kamar mai tsada. Wanda kuma kasuwarsa ke zaizayewa zai yi kamar mai araha, kuma nan ne haɗari ya fi yawa: idan masu saye sun koma kayan da manyan shaguna ke sayarwa da nasu tambarin a farashi mai sauƙi, ko sun juya wa abinci mai yawan sukari da gishiri baya, ribar baya ba lallai ta dawo ba. Tun wajen 2023 ake muhawara kan tasirin magungunan rage ƙiba irin su Wegovy a kan cinikin kayan ƙwalama.

Suka

Jeremy Siegel na Jami'ar Pennsylvania ya yi jayayya a 2016 cewa sauye-sauyen ƙa'idar akanta, musamman na rage darajar kadarori, sun sa riba tana faɗuwa fiye da da a shekarun matsi, don haka ma'aunin yana nuna tsada fiye da kima. Wasu suna nuni da cewa tun farkon shekarun 1990 adadin kasuwar Amurka ya fi zama sama da matsakaicinsa na tarihi. Hujjojin da ke goyon bayan ma'aunin sun fi ƙarfi a kan kasuwa gaba ɗaya da zangon shekara goma, sun fi rauni a kan kamfani guda da gajeren lokaci.

Amfani a yau

A 2012 bankin Barclays tare da Shiller suka ƙaddamar da jerin ma'aunai da ke ɗora dabarar a kan sassan kasuwar Amurka, ciki har da sashen kayan masarufi, inda kamfanonin abincin fakiti suke.