Me ake nufi da ƙagaggen labarin tarihi?

Ƙagaggen labarin tarihi shi ne wanda marubuci ya ƙirƙiro mutanensa da kansa, amma ya zaunar da su cikin zamanin da aka san abin da ya auku a cikinsa. Alhajin da ke fataucin goro a Agege cikin labarin bai taɓa rayuwa ba, amma yaƙin da ya hana shi barci an yi shi. Mutum da maganarsa na marubuci ne, ya juya su yadda ya so. Kwanan wata da wuri kuwa ba nasa ba ne.

A ɗauki yaƙin basasar Nijeriya, wanda aka fara 6 ga Yuli 1967 aka gama 15 ga Janairu 1970. Legas ce babban birni a lokacin, Gowon yana barikin Dodan. Ba a gwabza a cikin gari ba, sai dai a Agusta 1967 sojojin Biyafara sun kai har garin Ore da ke kan hanyar Legas, hankalin mutanen Ikko ya tashi. Wanda ya rubuta dakaru suna ba-ta-kashi a unguwar Obalende ta Legas ya yi ƙarya. Wanda ya rubuta matar aure tana ƙulla 'yan kayanta a zani, tana tambayar maigida ko jirgin ƙasa na tashi daga Iddo gobe, bai fita hanya ba.

Ƙananan abubuwa ne ke tona asirin marubuci, musamman kuɗi. Naira ba ta zo ba sai Janairu 1973. Kafin nan fam ne da sule da kwabo: sule 20 fam ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya, sisi kwabo 6, taro kwabo 3. A Janairu 1968 gwamnati ta canja takardun kuɗi don ta kashe waɗanda ke hannun Biyafara, to bafataken da ya ɓoye famfamai a ƙasan adaka yana da abin damuwa, kuma wannan kaɗai ya isa babi guda. Motoci hannun hagu suke bi har Afrilu 1972. Jihohi 12 ne tun Mayu 1967, saboda haka bakatsine ba zai ce shi ɗan jihar Katsina ba ne, sai 1987 aka yi ta.

Amma babban rami shi ne sani. Marubuci ya san yadda yaƙin ya ƙare, mai shayi na 1968 bai sani ba. Abin da ke hannunsa shi ne abin da rediyon gwamnati ta faɗa, da abin da rediyon Biyafara ta musanta, da jita-jitar direbobin da suka sauko daga Arewa, sai wasiƙar ɗansa soja da malamin unguwa ya karanta masa. In aka sa masa a baki adadin waɗanda yunwa ta kashe a Gabas, labari ya ɓaci. A bar shi ya yi zato, ya yi kuskure, ya yarda da ƙarya har wata uku.

Wannan ba izinin rufa-rufa ba ne. Kisan da aka yi wa Ibo a Arewa a 1966 ya faru, yunwar Biyafara ma haka. Mutumin cikin labari yana iya musu, amma labarin kansa ya nuna: maƙwabci Ibo da ya kulle shagonsa ya bar makulli amana, ya ce sai ya dawo.

Wajen tattara bayani, a zauna da dattawan da suka ga zamanin, ɗaya-ɗaya, domin in an tara su mai babbar murya ne ke cinye hira. Kada a ce, "Baba, yaya yaƙi?" A ce, "Baba, nawa ake sayen kwanon gari a lokacin?" Abin da mutum biyu da ba su san juna ba suka faɗa, a gwada shi da jaridar ranar. Shugabanni kuma a bar su a rediyo da hoton bango, kada a ƙaga musu maganar da ba su yi ba.