Jiƙaƙƙen hannu da wutar lantarki

Jama'ar Zazzau, damina ta kankama, tsakar gida ta jiƙe, bango ya sha ruwa. Lokaci ne da ya kamata mu san dalilin da ya sa waya ɗaya take ɗan girgiza wani ya tsira, ta kama wani ya rasu.

Abubuwa uku ne ke aiki a kowace waya. Ku ɗauki tankin ruwa da aka ɗora a sama: ƙarfin da ke turo ruwan shi ne boltej, yawan ruwan da ke bi ta tiyo shi ne karant, matsewar tiyon kuma ita ce turjiya. Wani Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana dangantakarsu a 1827: a raba boltej da turjiya, abin da ya fito shi ne karant. Turjiya na raguwa, karant na ƙaruwa.

Wutar da ke shigowa gidajenmu, a Tudun Wada ne ko Samaru, bolt 230 ce. Abin da ke canzawa shi ne jikin mutum. Busasshiyar fata tana iya kai turjiyar om 100,000 (om shi ne ma'aunin turjiya), sai abin da zai ratsa jiki ya tsaya wajen miliamfiya 2 (miliamfiya ƙaramin ma'aunin karant ne), mutum ya ji shokin ya fizge hannu. Fata ta jiƙe da ruwa ko gumi, turjiyar tana iya faɗuwa zuwa om 1,000, karant ya haura miliamfiya 200. Tun daga miliamfiya 10 zuwa 20 hannu ke ƙanƙamewa ya kasa sakin waya. Daga 50 zuwa sama, bugun zuciya na iya rikicewa.

Shi ya sa hankalina ke tashi idan na ga ana tsoma yatsa a bokiti don a ji ko ruwa ya yi zafi, hita tana ciki a kunne. Iyaye mata, don Allah ku cire ta daga soket tukuna. Kada yaro ya fito daga wanka ba takalmi ya taɓa firji ko ya jona caja.

Siririyar waya ma haɗari ce. Turjiyarta ta fi ta mai kauri, idan aka haɗa mata dutsen guga da hita sai ta ɗau zafi, robar ta narke, gobara ta tashi.

Idan wuta ta kama mutum, kada ku riƙe shi da hannu, ku ma za ta haɗa da ku. A kashe babban makunni ko janareta. In ba hali, a ture shi da busasshen katako, mai turewar yana tsaye a busasshen wuri. In ba ya numfashi, a fara danna ƙirjinsa nan take. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti mafi kusa ko asibitin koyarwa na Shika a duba zuciyarsa, domin ɓarnar wuta a cikin jiki ba kullum take nunawa a fata ba.