Koyar da Mata Dabarun Rage Damuwa ta Wayar Salula

Wannan hanya ce ta isar wa mata darussan kwantar da hankali ta waya, ba sai sun je asibiti ba. Ana cewa tsarin ya game kowa idan an gina shi da tunanin matar da ba ta iya karatu ba, da mai larurar gani, da wadda wayar ma ta mijinta ce, sai da dare take arowa.

Fitaccen misali shi ne manhajar Step-by-Step, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta samar tare da Ma'aikatar Lafiya ta Labanan. Darussa biyar ne, cikin labari mai zane da sauti. Mai koyo tana bin labarin wata mai fama da ƙuncin zuciya, tana koyon jan numfashi a hankali da komawa ga ƙananan ayyukan da ke faranta mata rai. Wani mataimaki da aka horar, wanda ba likita ba ne, yakan kira ta ko ya tura mata saƙo sau ɗaya a mako, na kimanin minti 15. Gwajin da aka wallafa a 2022 kan 'yan gudun hijirar Siriya 569, maza da mata, ya nuna damuwarsu ta ragu. Sai dai da yawa sun watsar tun kafin ƙarshe, matsalar da ta zama ruwan dare ga irin waɗannan manhajoji.

Shirin Self-Help Plus na hukumar bai dogara da waya ba, amma masu tsara darussa sun ɗauki darasi daga gare shi. An gwada shi da mata 694 'yan Sudan ta Kudu a sansanin Rhino da ke arewacin Yuganda. Ana kunna musu murya da aka naɗa da Larabcin Juba, su saurara a rukuni, ga littafi mai hotuna a hannu. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna sun samu sauƙi.

Shi ya sa ake fifita murya a kan rubutu, da gajerun darussan da za a iya saurara tsakanin girki da reno, waɗanda ba sa cin data. Sirri kuwa ya fi komai wuya. Saƙon da ya faɗo a fuskar waya yana ambaton “ciwon damuwa” kan iya jawo wa mace tambayoyi a gida, don haka akan saka lambar sirri, a kuma ba manhajar sunan da ba zai ja hankalin kowa ba.