Dokar da ta hana tasa ƙeyar ɗan gudun hijira zuwa inda ya gudo

Wanda ya tsere daga garinsu saboda yaƙi ko tsangwama ya tsallaka iyaka, babu gwamnatin da ke da ikon kama shi ta mayar da shi inda rayuwarsa ke cikin haɗari. Wannan ƙa'ida tana cikin sashe na 33 na Yarjejeniyar Geneva kan 'yan gudun hijira ta shekarar 1951, kuma Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk sun amince da ita.

Sashen ya hana kora ko mayar da ɗan gudun hijira, ta kowace irin hanya, zuwa ƙasar da zai iya rasa ransa ko 'yancinsa saboda launin fata, addini, asalin ƙasa, ra'ayin siyasa, ko zamansa cikin wani rukunin jama'a. Hanyar ba ta da muhimmanci a idon doka. Ko an cusa mutum a mota da bakin bindiga, ko an hana shi abinci da ruwa har ya gaji ya koma da ƙafarsa, ko an miƙa shi ga wata ƙasa ta uku da za ta tura shi gida, duk haramun ne.

Yarjejeniyar 1951 an rubuta ta ne don Turawan da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaiɗaita, sai a 1967 aka cire mata wannan takunkumi. Shugabannin Afirka kuwa sun ga ba ta ishe su ba. A 1969, a Addis Ababa, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yi tata yarjejeniyar, wadda a ganina ita ce ta fi dacewa da halin da muke ciki. Ba sai mutum ya nuna cewa shi kaɗai ake nema ba. Idan mamaya ko wata fitina ta dagula zaman lafiya a yankinsu har ya gudu, to ɗan gudun hijira ne. Da wannan ma'auni matar da ta tsere wa Boko Haram daga Gwoza ta isa sansanin Minawao a arewacin Kamaru ta cancanci kariya. Haka manomin Sakkwato ko Zamfara da 'yan bindiga suka kora zuwa jihar Maraɗi. Yarjejeniyar ta kuma hana korar mutum tun daga bakin iyaka, ta ce komawa gida sai da yardar mai komawa.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne batun takarda. Sau da yawa a kan ji jami'i na cewa wane ba shi da fasfo, ko ya shigo ta ɓarauniyar hanya, don haka a mayar da shi. Wanda aka ƙona gidansa da tsakar dare yaushe ya samu damar neman fasfo? Sashe na 31 na Yarjejeniyar 1951 ya san da haka, shi ya sa ya hana hukunta shi kan shiga ba bisa ƙa'ida ba, muddin ya kai kansa ga hukuma ba da ɓata lokaci ba, ya kuma faɗi dalilinsa. Mai neman mafaka da ba a gama duba buƙatarsa ba shi ma kariyar ta hau kansa tun ranar da ya iso. A Najeriya, hukumar tarayya mai kula da 'yan gudun hijira, wadda dokar soja mai lamba 52 ta 1989 ta kafa, ita ke karɓar irin wannan buƙata, tare da taimakon UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira.

Akwai togaciya. Sakin layi na biyu na sashe na 33 ya cire wanda aka samu ƙwaƙƙwaran dalili cewa barazana ne ga tsaron ƙasa, ko wanda kotu ta same shi da mummunan laifi. Amma mutum ɗaya-ɗaya ake dubawa, ba a yi wa gari guda kuɗin goro. Kuma idan azabtarwa ke jiransa, Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta 1984 ta rufe ƙofar gaba ɗaya, komai girman laifinsa.

Abin baƙin ciki, ƙasashenmu da kansu sun taka wannan doka. A Satumbar 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta zargi sojojin Kamaru da tasa ƙeyar 'yan Najeriya fiye da 100,000 tun daga 2015, da sunan yaƙi da Boko Haram, zargin da Kamaru ta musanta. A Janairun 2019, bayan harin da aka kai garin Rann na jihar Borno, UNHCR ta koka kan yadda Kamaru ta mayar da dubban mutanen da suka tsallaka can don tsira.

Najeriya ma ba ta tsira ba. A Janairun 2018 jami'an tsaro suka kama jagoran 'yan awaren yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru, Sisiku Julius Ayuk Tabe, a wani otal a Abuja. Kafin watan ya ƙare aka miƙa shi da wasu, mutum 47 jimilla, ga hukumomin Yawunde, alhali akasarinsu sun riga sun nemi mafaka. Mutum na iya ƙin ra'ayinsu na raba ƙasa, amma doka ta tanadi kotu da shari'a kafin miƙa kowa. A Maris 2019 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce abin da aka yi haramtacce ne, ta ba da umarnin a dawo da su, a biya su diyya. Ba a dawo da su ba, kuma a Agustan 2019 kotun soja a Yawunde ta yanke wa Ayuk Tabe da wasu mutum tara ɗaurin rai da rai.