Hanyar ayarin gishiri da yara matasa: tambayoyin da iyaye ke ta aiko mini

Tun da na ce zan kai yarana biyu, mai 13 da mai 16, su taka hanyar azalai a bakansi, mutanen Tahoua ba su bar ni na huta ba. To ga amsa.

Wace hanya ce wannan ɗin?

Tsohuwar hanyar ayarin raƙuma ce daga Agadas da duwatsun Ayar, ta ratsa hamadar Tenere ta bi garin Fashi har Bilma, wajen kilomita 600. Buzaye na tashi wajejen Oktoba in zafi ya ɗan sauka, su kai gero su sauko da dabino da kantun gishiri, wannan dai kantun da kake gani a kasuwar dabbobi ana saya wa shanu su lasa. Kakanninmu fatake can suke tarbarsu a kudu.

To yaro zai iya taka ta duka?

A'a wallahi, kar ma ka fara. Ayari na gaskiya tun asuba suke tafiya har cikin dare ba tsayawa, ko shayi bisa tafiya ake dafa shi, kuma tsakanin rijiya da rijiya kwanaki ne. Gaskiya ɗiyan Buzaye suna bi tun suna ƙanana amma su cikin abin suka tashi, naka da ko aiken boutique sai ya nemi moto fa? Ga kuma maganar tsaro, Tenere yanzu ba wurin da mutum zai kwashi iyali ya shiga da ka ba ne, sai ka tambayi hukuma da mutanen Agadas kafin ka ɗaga ƙafa.

Mi za a yi kenan?

Guntu za ku yanka. Ku hau kar daga Tahoua ta Abalak, kilomita wajen 400, ku sauka Agadas ku taka tsohon gari da ƙafa, ku ga hasumiyar masallacin nan ta laka mai mita 27, unguwar da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. In an ce hanya lafiya, ku samu madugu sananne ku bi raƙuma awa biyu uku da sassafe bakin gari. Ruwa, rawani, takalmin da ƙafa ta saba da shi. Shi kenan.

In ba kuɗin Agadas fa?

Ku je Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama. Itacen Tenere na nan, wanda shi kaɗai ne tsaye cikin rairayi ayari na gane hanya da shi, har wani direban babbar mota ya banke shi a 1973. Ƙaramin nawa da ya ji labarin dariya ya yi ta yi, wai duk faɗin hamada mutum bai ga abin bugewa ba sai itace guda.